Yaya Mai Bi Zai Yi Yaƙi da Duniya a Aikace?

Tambayar da aka aiko ta ce: "Na yi shekaru da karɓar Almasihu. Ina zuwa sujada, ina azumi, ina tsawata wa Shaiɗan cikin addu'a. Amma da na koma harkokina, sai son kuɗi, da kallon abin da bai dace ba a waya, da son a yaba mini su dawo kamar ban taɓa yin addu'a ba. Yaya ake yaƙi da duniya a aikace? Ko dai wani mugun ruhu ne yake bina?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Damuwar da abin yake sa ka alama ce ta rai, domin gawa ba ta jin zafin ƙaya. Amma daga yadda ka kwatanta, ina ganin kana fuskantar abokan gaba uku da makami ɗaya, kuma makamin an tanade shi ne domin ɗaya kaɗai a cikinsu.

Buɗe Afisawa 2:1-3, za ka ga Bulus ya jera su wuri guda: al'amuran duniyan nan, da mai mulkin sararin sama wato Iblis, da sha'awace-sha'awacen halin mutuntaka da ke cikinmu. Suna aiki tare, amma umarnin da aka ba mu a kan kowannensu daban ne. Iblis, an ce mu yi tsayayya da shi, zai guje mu (Yakubu 4:7). Halin mutuntaka, an ce mu kashe ayyukansa (Kolosiyawa 3:5, Romawa 8:13), a wasu wuraren ma an ce mu gudu, kamar a kan fasikanci (1 Korantiyawa 6:18) da son kuɗi (1 Timoti 6:10-11). Duniya kuwa, an ce kada mu ƙaunace ta, kada kuma mu bar ta ta siffanta mu, sai dai mu sāke ta wurin sabunta hankali (1 Yahaya 2:15, Romawa 12:2). To, wanda ya tsaya yana tsawata wa abin da aka ce ya guje masa, ai zai sha kaye ko da muryarsa ta dushe. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya ɗaure ruhun zina ba, ya bar rigarsa a hannun matar ya fita waje da gudu (Farawa 39:12). Ka kuma duba jerin da ke Galatiyawa 5:19-21, fasikanci, kishi, fushi, buguwa da sauransu. Bulus ya kira su ayyukan halin mutuntaka. Yakubu 1:14 ya ƙara fayyace cewa sha'awar mutum ce da kanta take janye shi. Idan aka ɗora wa aljani laifin abin da zuciya take so, an rufe ƙofar tuba ke nan, tunda ba wanda yake tuba a kan laifin wani.

Sai mu san mece ce "duniya" da ake magana. Kalmar tana da ma'ana uku a Sabon Alkawari, kuma cakuɗa su ya ɓatar da mutane da yawa. Akwai halitta, wadda Allah ya yi, kuma mai kyau ce, a karɓe ta da godiya (1 Timoti 4:4). Akwai mutane, waɗanda Allah ya ƙaunata har ya ba da Ɗansa (Yahaya 3:16). Sannan akwai tsarin tunani da buri da rayuwa wanda ya fitar da Allah daga lissafi. Wannan na ukun shi ne abokin gaba. Yahaya ya ambaci kalmar sau 6 a cikin ayoyi 3 kacal (1 Yahaya 2:15-17), ya kuma bayyana abin da ke cikinta: sha'awar jiki, sha'awar ido, da alfarmar banza ta zaman duniya. Abubuwa ukun da ka lissafa a tambayarka su ne waɗannan, ba ragi ba ƙari. Su ne kuma Hawwa'u ta gani a jikin itacen: mai kyau domin ci, abin sha'awa ga ido, abin marmari domin ba da hikima (Farawa 3:6).

Abin da ya sa duniya ta fi wuyar ganewa shi ne ba ta zuwa da takobi a zare. Koyarwa take yi, kullum, ba hutu. Tana koya wa zuciya abin da za ta ɗauka da muhimmanci, wanda za ta yi wa kallon mai nasara, da abin da za ta ji kunyarsa. Yesu ya kwatanta ta da ƙaya wadda take tashi tare da shuka har ta shaƙe ta, ya kuma faɗi sunayen ƙayoyin: damuwar duniya, ruɗin dukiya, da kwaɗayin waɗansu abubuwa (Markus 4:18-19). Shukar ba ta mutu rana ɗaya ba, tana nan kore shar, 'ya'ya ne dai babu. Bi sawun Lutu ka gani. A Farawa 13:10 ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun mai dausayi. A aya ta 12 ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma. A 14:12 yana zaune a cikin birnin. A 19:1 yana zaune a ƙofar gari, inda manya suke zama. Babu matakin da shi kaɗai za a ce babban zunubi ne. Haka ma Dimas, wanda Bulus ya lissafa cikin abokan aikinsa a Filimon 24, ya isar da gaisuwarsa a Kolosiyawa 4:14, amma a 2 Timoti 4:10 ya ce ya yashe shi saboda ƙaunar duniyan nan. Ba a ce Dimas ya yi musun Almasihu ba. Ƙaunarsa ce ta koma wani wuri. Saboda haka filin dagar shi ne abin da zuciyarka take so, kuma a cikin al'amuran yau da kullum ake ci ko a sha kaye a wannan fili.

Yanzu ga aikin. Mako na farko kada ka canza komai, leƙen asiri za ka yi wa kanka. Sami ƙaramin littafin rubutu. Duk lokacin da jarabar ta zo, ko ka faɗi ko ka tsaya, rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ne, ina kake, me ya faru kafin nan, me ka yi. Buɗe wurin da wayarka take nuna sa'o'in da ka yi a kowace manhaja, ka kwafe adadin kowace rana ba tare da ragewa ba. A gefen kuɗi kwana 7 ba su isa ba, rubuta duk abin da ka kashe har kwana 30. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki domin ba ya kama da abin ruhaniya, alhali Bitrus ya sa natsuwa da zaman tsaro a gaban tsayayya (1 Bitrus 5:8-9). Ba a tsaron ƙofar da ba a san inda take ba.

Idan mako ya cika, za ka ga abin yana da tsari. Sau da yawa faɗuwa tana zuwa ne da dare, mutum yana shi kaɗai, a gajiye, ko bayan ɓacin rai, ko ranar da kuɗi suka shigo, ko kuwa, abin mamaki, bayan wata nasara ta ruhaniya, lokacin da aka saki jiki. Labarin Dawuda da Batsheba ya fara ne da cewa lokacin da sarakuna suke fita yaƙi shi ya zauna a Urushalima, ya tashi daga gado da yamma yana yawo a kan soro (2 Sama'ila 11:1-2). Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan littafin rubutu shi zai nuna maka tsagar. Zai kuma nuna maka cewa zunubin yana da matakai kamar yadda Yakubu 1:14-15 ya faɗa: sha'awa ta ja, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Akan, mutumin Isra'ila da ya saci ganimar Yariko, ya ba da labarin kansa da kalmomi irin waɗannan: na gani, na yi ƙyashi, na ɗauka, na ɓoye (Joshuwa 7:21). A matakin gani, juyawa abu ne mai sauƙi. A matakin da hannu ya riga ya miƙe, ƙarfin hali ba ya cika isa. Yawancin masu bi suna fara addu'a ne a mataki na uku, shi ya sa suke zaton addu'arsu ba ta aiki.

Mako na biyu sai yanka. Da Yesu ya yi maganar ƙwaƙule ido da yanke hannu (Matiyu 5:29-30), yana nufin a rabu da abu mai amfani, mai tsada, idan ta nan faɗuwa take shigowa. Idan dare ne matsalar, waya ba za ta kwana a ɗakin da kake kwana ba. Sa ta caji a wani ɗaki, ka sayi agogo mai ƙararrawa domin kada tashin asuba ya zama hujja. Manhajar da take kai ka ga kallon banza, goge ta. Idan aikinka yana bukatarta, ka riƙa shiga daga kwamfuta a inda mutane suke, a lokacin da ka ƙayyade. Sa matatar da ke toshe shafukan batsa, amma wani ɗan'uwa ne zai riƙe lambar sirrin, domin makullin da ke aljihunka ba zai hana ka shiga da tsakar dare ba. Kashe sanarwar da ba ta mutum ba ce kai tsaye. Daina bin shafukan da in ka gama kallonsu sai ka ji ka raina abin da Allah ya ba ka. Waɗannan dandamali daga talla suke samun kuɗi, tallan kuwa yana bukatar idonka ya daɗe a kai, saboda haka an gina su ne su riƙa kawo maka irin abin da ka tsaya a kansa jiya. Daƙiƙa biyar da ka yi kana kallon hoto kafin ka wuce, na'urar ta ƙirga, gobe za ta ƙaro.

A gefen kuɗi, duk abin da ba na dole ba ne, ka jira kwana 3 kafin ka saya. Kwaɗayi da yawa ba ya kai kwana 3 a raye. Sannan ka ware bayarwa tun ranar da kuɗi suka shigo, kafin sauran kashe-kashe, kamar yadda Bulus ya ce wa Korantiyawa su riƙa tanadi a ranar farko ta mako gwargwadon samunsu (1 Korantiyawa 16:2). Ban san maganin son kuɗi da ya kai bayarwa ba, kuma shi ne Bulus ya rubuta wa masu dukiya a 1 Timoti 6:17-19. Son yabo ma maganinsa makamancin haka ne: kowane mako ka yi wani alheri guda wanda ba wanda zai sani, kada ka faɗa ko a matsayin shaida (Matiyu 6:3-4). Za ka ji yadda bakinka yake ƙaiƙayi, wannan ƙaiƙayin shi ne cutar da ake magani.

Abu biyu ke ɓata wannan mataki. Na ɗaya, mutum ya tashi da zafi ya yanke abu goma rana ɗaya, kafin mako biyu ya gaji ya koma duka. Zaɓi ƙofa ɗaya ko biyu da littafinka ya nuna sun fi faɗi. Na biyu, barin ƙofar baya: an goge manhaja amma an bar asusun, an goge lambar waccan amma an haddace ta. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Romawa 13:14 ta ce kada a yi wa halin mutuntaka tanadi. Masu sihirin Afisa da suka tuba ba su sayar da littattafansu ba, ba su kuma ajiye su a akwati ba. Sun ƙone su a gaban jama'a, aka lissafa kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19).

Amma yanka kaɗai ba ya riƙe mutum, kuma a nan ne na fi so ka natsu. Yesu ya ba da misalin gidan da aka share, aka gyara, aka bar shi ba kowa, sai ƙarshensa ya fi farkonsa muni (Matiyu 12:43-45). Zuciya ba ta zama wofi. In ka cire mata sa'o'i uku na waya ba ka ba ta komai ba, za ta nemo wani abu, ko ta koma na dā da yunwa. Lura da yadda Bulus yake koyarwa a Afisawa 4:22-32: duk abin da ya ce a tuɓe, ya faɗi abin da za a yafa. Maƙaryaci ya faɗi gaskiya. Ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukata. Mai ruɓaɓɓiyar magana ya koma mai maganar da ke ginawa. Augustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar cewa asalin zunubi ƙauna ce da ta ɓata jeri, an ɗora ƙaramin abu a kan babba. In haka ne, ba a cire ƙaunar duniya sai da ƙaunar da ta fi ta ƙarfi.

Ga yadda ake cikawa. Ka sa lokaci tsayayye da wuri tsayayye domin Maganar Allah, kafin ka taɓa waya. Fara da minti 20, kada ka fara da sa'a biyu. Sabon Alkawari yana da sura 260, wato in ka karanta sura ɗaya a rana, kwana 5 a mako, za ka gama cikin shekara. Zabura 150 ce, biyar a rana ta ƙare cikin wata. A halin da kake ciki, ina ba ka shawara ka fara da 1 Yahaya, sura 5 ce kawai, ka karanta ta gaba ɗaya sau ɗaya kowane mako har wata guda. In ka karanta, ka tsaya a kan aya ɗaya, ka mayar da ita addu'a da bakinka.

Haddace kuwa aiki ne dabam, kuma shi ne takobin. Sau uku Iblis ya gwada Yesu a jeji bayan azumin kwana 40, sau uku Yesu ya amsa daga Maimaitawar Shari'a, 8:3 da 6:16 da 6:13, kowace aya daidai da gwajin da ya zo. Iblis ma ya jawo Zabura 91, amma ya karkatar da ita, abin da ke nuna cewa dole ne a san aya tare da abin da ke kewaye da ita. Wani mai zaman zuhudu a hamadar Masar, Ebagiriyus, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya kasa mugayen tunani gida 8, ya tattara nassosi kusan 500 ya jera su a ƙarƙashin kowane iri, domin in tunanin ya zo a sami abin mayar masa nan take. Kai ba ka bukatar 500. A kan son kuɗi riƙe Ibraniyawa 13:5 da 1 Timoti 6:6-8. A kan sha'awar ido riƙe Ayuba 31:1 da 1 Tasalonikawa 4:3-5. A kan son yabo riƙe Galatiyawa 1:10 da Yahaya 5:44. Aya ɗaya a mako, rubuce a ƙaramar takarda cikin aljihu, ka karanta ta da murya sau 10 da safe, ka maimaita da dare ba ka duba ba, ranar Lahadi ka bi ta kan na makonnin baya. Idan jaraba ta zo, faɗi ayar da baki, ka kira sunan Ubangiji, sannan ka tashi daga wurin. Tashin yana cikin yaƙin. Allah ya yi alkawarin mafita (1 Korantiyawa 10:13), mafita kuwa da ƙafa ake bin ta.

Game da makaman da ke Afisawa 6:10-18, mutane da yawa sun mai da su abin karantawa da safe, "na ɗaura ɗamara, na sa sulke", alhali ba su daina ƙarya ba. Ɗamarar gaskiya ana ɗaura ta ne ta wurin yin gaskiya, har a kan adadin sa'o'in da ka rubuta. Ka lura kuma cewa tsakanin aya ta 11 da ta 14 an yi maganar tsayawa sau huɗu. Ba a aike mu mu ci ƙasar da ba a ci ba, an ce mu riƙe wadda Almasihu ya riga ya ci a kan gicciye, inda ya kwance wa masarauta da masu iko ɗamara (Kolosiyawa 2:15). Sulken adalci da kwalkwalin ceto ma na Ubangiji ne da kansa tun a Ishaya 59:17, aro aka ba mu. Garkuwar da Bulus ya ambata ita ce babbar nan ta sojan Roma, ta katako da aka lulluɓe da fata, mai rufe mutum kusan duka, kuma sojoji kan jera su kafaɗa da kafaɗa su zama bango. Dukan umarnin da ke wannan wuri da "ku" aka yi shi, ga ikilisiya aka rubuta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ban gani a tambayarka ba: wa ya san halin da kake ciki? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yakubu 5:16 ya ce mu riƙa bayyana wa juna zunubanmu muna yi wa juna addu'a, Ibraniyawa 3:13 kuma ta ce a gargaɗi juna kowace rana domin zunubi mayaudari ne. A shekara ta 1738 John Wesley ya tsara wa mabiyansa a Ingila ƙananan ƙungiyoyi, maza dabam mata dabam, suna haɗuwa kowane mako suna amsa tambayoyi: wane zunubi ka san ka yi tun haɗuwarmu ta baya, waɗanne jarabobi ka fuskanta, yaya ka kuɓuta, me ka yi ko ka faɗa ko ka yi tunani wanda kake shakkar ko zunubi ne. Nemi mutum ɗaya ko biyu, jinsinka, waɗanda suka girme ka cikin bangaskiya kuma suke riƙe sirri. Minti 30 a mako ya isa. Abin da ke kashe irin wannan zama shi ne maganar lulluɓe, irin su "ina ɗan fama, a sa ni a addu'a". Faɗi abin da sunansa da ranarsa. Haka kuma in dukanku kuna cikin rami ɗaya, zaman zai koma ta'aziyyar juna. Mafi amfani shi ne ka sami izinin kiran ɗan'uwan kafin ka faɗi, a daidai sa'ar da littafinka ya nuna. Duba kuma waɗanda kake yini da su, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, Bulus ma ya faɗi haka a 1 Korantiyawa 15:33. Ba a ce ka daina hulɗa da marasa bi ba, don in haka ne sai ka fita daga duniya (1 Korantiyawa 5:9-10), Yesu kuma bai roƙa a ɗauke mu daga cikinta ba, ya roƙa a kiyaye mu daga Mugun (Yahaya 17:15). Tambayar ita ce wa yake rinjayar wa.

Azuminka ka ci gaba da shi, amma ka san aikinsa. Ba ya murɗe hannun Allah, ba ya kuma ƙone sha'awa da kansa. Kolosiyawa 2:23 ta faɗa a fili cewa wahalar da jiki kaɗai ba ta hana biye wa halin mutuntaka. Amfaninsa shi ne yana koya wa jiki jin "a'a", yana kuma buɗe lokacin addu'a. Masu bi na ƙarnin farko sun saba azumin Laraba da Jumma'a, suna kuma yin Addu'ar Ubangiji sau uku a rana, kamar yadda Daniyel ma yake durƙusawa sau uku (Daniyel 6:10). Yini ɗaya a kowane mako, wanda za ka riƙe wata da watanni, ya fi kwana 21 sau ɗaya a shekara wanda ake fita daga cikinsa a koma gidan jiya. Ranar azumin ka haɗa da ajiye waya, in ba haka ba ciki ne yake azumi, ido yana ta cin abincinsa. Mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai juna biyu ko mai shayarwa, da mai shan magani a kan lokaci, su tambayi likita tukuna, ko su yi azumin wani abu dabam.

Akwai wani tarko da nake gudun maka, wato ka mai da yaƙin ya zama jerin dokoki na waje, kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, kada ka kama. Bulus ya lissafa irin wannan ma cikin al'amuran duniya (Kolosiyawa 2:20-22). Mutum zai iya barin duk abin da ake gani, ya cika da alfarmar cewa ya fi wasu tsarki. Duniya tana shiga ikilisiya da rigar ibada: Diyotarifis mai son shugabanci (3 Yahaya 9), Saminu da ya so sayen ikon Ruhu da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:18-20), da waɗanda suka ɗauki ibada hanyar samun riba (1 Timoti 6:5). Gwada rubuta roƙe-roƙenka na mako guda ka duba. In goma cikin goma a kan samu ne da ɗaukaka da faɗuwar maƙiya, karanta Yakubu 4:3-4, inda aka haɗa roƙo domin biyan sha'awa da abuta da duniya. A kan abubuwan da Littafi bai ambata da suna ba, kamar wani kiɗa, wani fim, wata sana'a, auna su da 1 Korantiyawa 6:12 da 10:23 da 10:31: yana da amfani, ya mallake ni, yana gina wasu, zan iya gode wa Allah a kansa da zuciya ɗaya?

Za ka iya sāke faɗuwa, saboda haka ka san abin yi tun yanzu. Ka furta zunubin ga Allah a ranar, da sunansa, bisa ga 1 Yahaya 1:9, kada ka jira sai ka ji ka cancanta. Ka faɗa wa ɗan'uwan nan cikin sa'o'i 24. Ka koma littafinka ka ga ta wace ƙofa aka shigo, ka toshe ta. Kada ka ƙaurace wa sujada ko teburin Ubangiji saboda kunya alhali ka tuba. Ka kuma koyi bambanta murya biyu da suke zuwa bayan faɗuwa. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna abu takamaimai, ya ja ka zuwa ga Almasihu. Mai ƙarar 'yan'uwa, wato Iblis (Wahayin Yahaya 12:10), yakan ce kai munafuki ne, tunda ka riga ka ɓata sai ka ƙarasa. Wannan murya ta biyu ita ce wadda za ka yi wa tsayayya da dukan ƙarfinka, da Romawa 8:1 da 1 Yahaya 2:1 a bakinka. Faɗuwar dare ɗaya takan zama ta wata guda ne ta wannan hanya.

Batun ko mugun ruhu ne yake binka: Iblis na nan, yana gwaji, yana ƙarya, yana ƙara, kuma yana amfani da duniya da halin mutuntaka kamar yadda mai kamun kifi yake amfani da ƙugiya da tana. Amma abin da ka kwatanta shi ne gwagwarmayar da Galatiyawa 5:17 ta ce kowane mai bi yana ciki, kuma wanda yake cikinka ya fi wanda yake cikin duniya (1 Yahaya 4:4). Idan ka taɓa shiga sihiri ko duba, ko kana ajiye da wani abin tsafi, wannan dabam ne: je wurin fastonka da dattawan ikilisiya, ka furta, ka rabu da shi a fili, a hallaka kayan, su yi maka addu'a. Kada ka bi masu mai da sunan Yesu kamar laƙani, ka tuna yadda 'ya'yan Siba bakwai suka fita tsirara da raunuka (Ayyukan Manzanni 19:13-16). Idan kuma abin ya kai ga rashin barci na makonni, ko baƙin ciki mai nauyi da ba ya ɗagawa, ko caca da shaye-shayen da ka kāsa bari, ko tunanin cutar da kanka, ka haɗa addu'a da ganin likita ba tare da jinkiri ba, ka kuma sanar da fastonka.

Bayan wata 3 ka ɗauko littafin makon farko ka kwatanta da na yanzu. Kada ka auna da ko jaraba ta daina zuwa, don ba za ta daina ba. Duba ko kana gane ta tun a matakin gani, ko tazarar da ke tsakanin faɗuwa da tuba ta ragu daga kwanaki zuwa sa'o'i, ko sa'o'in waya sun sauka, ko bayarwa ta hau, ko ɗan'uwan da kake zama da shi ya ga canji. Inda ba a motsa ba, koma matakin leƙen asiri na kwana 7 a kan wannan abu kaɗai, ku duba sakamakon tare da shi.